Bayan An Sallamo Shi, Me Ka Damƙa Masa a Hannu?

Ɗana, idan Allah Ya jarrabi gidanku da mai taɓin hankali, na san inda ƙarfinku yake ƙarewa: a ƙofar asibiti. Za a sayar da akuya, a ci bashi, a yi ta jigila tsakanin mai ruƙiyya da mai hayaƙi, daga ƙarshe a ɗauki shatar mota zuwa asibitin Dawanau ko Kware ko Barnawa. Bayan 'yan makonni likita ya ce ya samu sauƙi, ku tafi gida, ku dawo bayan wata guda. A yi sadaka, 'yan barka su zo su tafi. Daga nan sai a shimfiɗa masa tabarma a ɗakin baya, a riƙa miƙa masa tuwo da ƙwayar magani, a gargaɗi yara kada su dame shi. In baƙo ya yi sallama, a ce masa ya shige ciki. A kan wannan zaman nake son yi maka nasiha, kai da 'yar'uwarka da ɗawainiyar ta fi hawa kanta, domin a ganina yana cinye mutum fiye da yadda ita kanta cutar take cinye shi.

Cutar da likitoci suke kira sikizofireniya ba baƙuwa ba ce a ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum miliyan 24 ne suke fama da ita, wato ɗaya cikin kowane 300. Takan kama mutum daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da wani abu, daidai lokacin da ake sa ran ya kama sana'a ko ya yi aure, kuma takan riski maza da wuri fiye da mata. Abin da kowa ya sani nata shi ne mai hayaniyar: ya ji muryoyin da kai ba ka ji, ya rantse ana bin sa, ya ƙi abinci don an sa masa guba, ya ce rediyo da shi yake magana, zancensa ya riƙa tsinkewa yana haɗa gabas da yamma. Ba duk wanda ya yi haka ne yake da wannan cuta ba. Wiwi da ƙwayoyi suna jawo irinsa, zazzaɓin da ya hau kai yana jawowa, wata mace kuma hankalinta kan gushe a kwanakin jego sannan ya dawo. Likita ne zai bambance.

Amma akwai ɗaya ɓangaren da ba ya hayaniya, shi ne ba a cika lura da shi ba. Fuska ta daina nuna murna ko ɓacin rai. Magana ta koma i da a'a. Sha'awar komai ta mutu, har wanka sai an yi da gaske. Mutumin da a da ba ya zama wuri ɗaya sai ya wuni yana kallon bango. Magani yana da ƙarfi a kan muryoyi da zarge-zarge, amma a kan wannan mutuwar zuciya ƙarfinsa kaɗan ne, wani lokaci ma nauyin jiki da barcin da yake sawa su ƙara mata. Mutanen gida sai su ce lalaci ne, ko su ce ai dama hauka ba ya warkewa sai dai rangwame. Wannan magana ta kashe wa iyaye da yawa gwiwa, kuma ba gaskiya ba ce. Ita dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla ɗaya cikin uku na masu cutar alamunta kan rabu da su gaba ɗaya.

Kafin in yi nisa, ka riƙe wannan da kyau: duk abin da zan faɗa maka a gaba ba ya maye gurbin magani. Tun daga 1952 da likitoci a birnin Paris suka gwada chlorpromazine suka ga tana kwantar da wannan ciwo, ba a samu abin da ya kai irin waɗannan magunguna hana shi tashi ba. Wanda ya daina sha don ya ji sauƙi, mafi yawanci ciwon yakan dawo. In ƙwayar tana sandarar masa da jiki, ko hannu na rawa, ko yawu na zuba, koma wa likita ya sauya ta ko ya rage, ko a mayar da shi kan allurar wata-wata. Addu'a da magani kuwa ba kishiyoyi ba ne. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi a Ibadan da Kumasi, suka buga sakamakon a 2020, marasa lafiyar da aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi.

Yanzu bari in kai ka Birazil, wajen wata likita mai taurin kai da ake kira Nise da Silveira. A 1944 ta koma aiki a babban asibitin masu taɓin hankali na unguwar Engenho de Dentro a Rio de Janeiro, bayan gwamnati ta taɓa ɗaure ta saboda littattafan da aka samu a wajenta. Ta tarar maganin da ake yayi shi ne a jona wa mutum wutar lantarki a kai yana ji yana gani, ko a yi masa allurar insulin har ya suma, ko a yanke masa wasu jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa. (Maganin lantarki na yau dabam ne, sai an sa mutum barci, kuma yana ceton rai a inda ya dace. Na wancan zamani nake faɗa maka.) Aka nuna mata maɓalli aka ce ta danna, ta ce ba za ta danna ba. Sai aka tura ta sashen da babu likitan da yake so, inda ake sa marasa lafiya shara da wanke-wanke da sunan koyar da su aiki.

A 1946 ta buɗe ɗakin zane a wannan sashe, ta ajiye fenti da buroshi da takarda da yumɓu. Ba ta ɗauko malamin da zai ce wa kowa ga abin da za ka zana ba. Ta dai nemi mutane masu haƙuri su zauna kusa da su, su miƙa fenti in an nema, su yi shiru in ba a nema ba. Cikin waɗanda aka kawo akwai Emygdio de Barros, wanda a da makanike ne mai sarrafa ƙarfe a ma'aikatar sojan ruwa. Shekara 23 ya yi a asibiti, da ƙyar ake jin muryarsa, kowa ya fid da rai da shi. Da aka ba shi buroshi sai ga lambuna da tagogi da tituna suna fitowa daga hannunsa, da kalolin da suka sa manyan masana zane na ƙasar suka riƙa tattaki zuwa asibiti don su gani. A 1949 aka baje zanen mutum tara daga cikinsu a gidan nuna zane-zanen zamani na São Paulo. A 1952 ta kafa gidan adana ayyukan, wanda a yau yake ɗauke da sama da guda 350,000. Bayan shekara huɗu kuma ta buɗe wani gida a cikin gari, inda waɗanda aka sallama suke zuwa da rana su yi aikin hannu su koma gidajensu da yamma, domin ta lura sallamammu suna ta dawowa asibiti ne saboda ba su da abin yi a waje, ba su da mai karɓarsu.

Ka lura, buroshin bai cire wa Emygdio cutarsa ba. Abin da ya yi shi ne ya nuna wa kowa cewa duk shekarun nan akwai mutum a ciki, yana gani, yana ajiyewa, an dai rasa ƙofar da zai fito.

Ba zan yi maka zuƙi-ta-malle ba, masana ba su gama yarda da juna a kan ƙarfin wannan hanya ba. A Birtaniya an yi babban gwaji da mutum 417, aka raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a: wasu zaman zane a rukuni, wasu zaman wasanni da hira, wasu maganinsu kawai. Da aka buga sakamakon a 2012, masu zane ba su fi sauran samun sauƙi ba, kuma da yawansu ma ba su riƙa halartar zaman ba. A ɗaya gefen, ƙungiyar Cochrane, masu tattara gwaje-gwajen likitanci su tace su, sun duba gwaji 18 na mutum 1,215 a 2017, suka ga cewa idan aka haɗa zaman kiɗa da waƙa da magani, yanayin mutum da cuɗanyarsa da jama'a suna gyaruwa, kuma gwargwadon yawan zaman gwargwadon amfaninsa. Hukumar da take tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani tun 2009 take ba su shawarar su duba yiwuwar ba masu wannan ciwo irin waɗannan ayyuka, musamman don mutuwar zuciyar nan da na faɗa maka. Abin da ni na fahimta daga duka wannan shi ne, tura mutum wani aji sau ɗaya a mako, wajen abin da bai taɓa so ba, ba ya wani tasiri. Abin da yake tasiri shi ne aikin da shi kansa yake so, da yake maimaitawa, da wani mutum a gefensa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ba shi da abin yi, safiyarsa da yammarsa duk ɗaya ne, aikin hannu kuwa yana raba masa wuni. Masu jin muryoyi da yawa sukan ce suna raguwa idan hankalinsu ya tattaru a kan wani abu, ko suna rera wani abu, ko suna karatu a bayyane. Sannan mai wannan ciwo haɗa ido yana yi masa nauyi, tambaya tana yi masa nauyi, amma idan akwai hula a tsakaninku kuna duban zarenta tare, sai hira ta zo da kanta. Akwai kuma abubuwan da yake gani ko yake ji waɗanda in ya faɗa da baki za a ce ciwon ne ya motsa, in ya zana su ko ya rubuta su kuwa ya sauke su ba tare da an zaro masa ido ba. Daga ƙarshe ga abin da ya gama, a hannunsa, kowa na gani, ba mai iya cewa ba shi ya yi ba.

Kada ka ce wannan dabarar Turawa ce. Asibitin da Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na biyu ya gina a Edirne a 1488 yana da sashen masu taɓin hankali, kuma matafiyin nan Evliya Çelebi ya ba da labari a ƙarni na 17 cewa makaɗa goma suke zuwa kwana uku a mako su yi wa marasa lafiya wasa. A nan Najeriya ma, Lantoro da ke Abeokuta gidan yari ne da aka mayar wurin tsare masu taɓin hankali a 1944, cikinsu har da sojojin da aka dawo da su daga Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon shekarun 1950 wani malamin jami'ar Ibadan, Ulli Beier, ya riƙa kai musu takarda da fenti, wasunsu suka yi zane-zanen da daga baya aka buga a littafi a 1982. A 1954 kuma Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauye a Aro, a Abeokuta ɗin dai: mara lafiya ya zo da ɗan'uwansa, a kama musu ɗaki a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, da rana ya je asibiti a duba shi, sauran lokaci yana cikin jama'a, yana zuwa kasuwa, yana taya aiki. Duniya ta zo ta koyi wannan tsari a wajenmu, shi kuma Lambo ya kai har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu da muka koyar, yau mu ne masu ɗakin baya. A farkon 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, madalla, amma doka ba ta leƙa ɗakin baya.

Kuma Bahaushe bai rasa abin da zai damƙa wa ɗan'uwansa ba. In zuciyarka ba ta kwanta da zanen mai rai ba, ga zayyana, ga rubutun allo da tawada, ga zanen bangon gida irin na maginan Zariya. Ga ɗinkin hula da aikin wuyan riga, ga saƙar faifai da tabarma, ga dukanci, ga ƙwarya da ake yi wa ado, ga ginin tukunya. Mace ga lalle, ga kitso, ga saƙar kayan jarirai. Mai murya ga waƙen begen Annabi. Mai boko ga littafin rubutu da biro, ya rubuta labari ko waƙa ko abin da ya wuni yana ji. Fara tambayar kanka me yake so kafin ciwon ya same shi, domin hannu ba ya saurin manta abin da ya saba.

Ka fara da kaɗan. Rabin sa'a bayan la'asar ya isa, amma ya zama kullum a lokaci ɗaya. Ka zauna kusa da shi da naka aikin a hannu, kada ka tsaya a kansa kamar mai gadi. In ya ajiye bayan minti biyar, bar shi, gobe ma rana ce. In zaren ya karkace kada ka warware a gabansa. In ya zana abin da ya ba ka tsoro, idanu birjik ko mutum mai kai biyu, kada ka yaga, kada ka ruga wajen malam ka ce ga aljanin ya bayyana. Ce masa, “Yaya, ba ni labarin wannan.” In ya ce waɗannan ne masu bin sa, kada ka yi musu da shi, kada kuma ka gaskata masa. Ce masa kai ba ka gan su ba, amma ka ga abin yana tsorata shi, kuma kana tare da shi. A kwanakin da ciwon yake kan ganiyarsa a ɗauke wuƙa da almakashi da basilla, a bar masa takarda da yumɓu. In akwai hali a haɗa shi da teburin masu ɗinkin hula na unguwa, domin zama cikin mutane rabin maganin ne.

Nan ne maganar ta haɗu da ƙyama. Gureje ɗin nan da abokansa sun tambayi mutum 2,040 a jihohin Yarbawa, suka buga a 2005: sama da kashi 96 cikin ɗari sun ce mai taɓin hankali abin tsoro ne, sama da kashi 82 sun ce za su ji tsoron ko hira da shi. Kada ka ce can ne. A ƙauyen Karfi na jihar Kano an tambayi mutum 250, aka buga a 2004, kusan rabinsu ba su da kyakkyawan zato ga masu wannan lalura. Alhali mafi yawan masu ciwon ba su taɓa dukan kowa ba, su ne ma aka fi duka da jifa da ɗaurewa a mari. Ƙyamar ba a kansa take tsayawa ba, har ƙannensa mata takan bi, ranar da masu neman aure suka fita bincike aka raɗa musu cewa akwai hauka a gidan. Gado yana da hannu, gaskiya ne, amma ko wanda ɗaya daga iyayensa yake da cutar, kusan tara cikin goma ba sa kamuwa.

Wa'azi shi kaɗai ba ya cire wannan tsoro. Kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya tattara binciken duniya a kan haka a 2022, ya ce abin da ya fi rage ƙyama shi ne cuɗanya, mutane su haɗu da mai lalurar, su ji daga bakinsa. A asibitin Borda na Buenos Aires a Ajantina, wani ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam mai suna Alfredo Olivera ya fara ɗaukar muryoyin marasa lafiya da ƙaramar rakoda a 1991, ana sawa a wani gidan rediyo, masu sauraro suna aiko da tambayoyi, su kuma suna amsawa. Abin ya girma ya zama gidan rediyonsu na kansu, La Colifata, suna waƙa, suna sharhi a kan siyasa da ƙwallo. Mu da rediyo yake rataye a wuyan manomi da mai shayi, me zai hana gidajen rediyonmu su ba wanda ya samu sauƙi minti goma ya karanta waƙarsa, maimakon kullum a kira likita ya yi magana a kansa? Masu shirya finafinanmu kuwa, ya kamata su gaji da mahaukacin nan mai tsumma da gwangwani da ake sawa don a yi dariya.

Kai ba ka da gidan rediyo, amma kana da ƙofar gida. Ranar da maƙwabci ya tsaya ya ɗauki hular da yayanka ya ɗinka, ya juya ta, ya taya, shi kuma ya ce albarka, suka yi ciniki har suka daidaita, an yi wannan cuɗanyar da masana suke faɗa. Mu mutane ne masu kiran mutum da sana'arsa. Wanda yara suke bi suna kira da sunan ciwonsa, in aka jima ana ganin sa da zare sai ka ji an koma cewa wane mai hula.

Sai dai ka kiyayi ɗaya ramin. Akwai masu cewa ai hauka da baiwa tare suke tafiya. A Birazil ɗin dai akwai Arthur Bispo do Rosário, tsohon sojan ruwa, baƙar fata, da aka kai asibiti a 1938 ya shafe mafi yawan shekara hamsin da suka biyo baya a can. Yakan warware shuɗin yunifom ɗin asibiti ya samu zare, ya yi ta ɗinkin ado a kan barguna da tutoci, har da wata alkyabba da ya tanada don ranar tsayuwa gaban Ubangiji. Ya rasu a 1989, a 1995 aka kai ayyukansa babban baje kolin zane na Venice suna wakiltar ƙasarsa. Duniya ta yi ta tafi, amma shi bai gani ba, kuma rayuwarsa a bayan katanga ta ƙare. Ciwon bai ba shi baiwa ba, baiwarsa ce ta ƙi mutuwa. Ɗan'uwanka mai yiwuwa hularsa ba za ta fi ta kowa kyau ba, kuma ba dole ne ta fi ba.

Abin da ya yi nasa ne. Kada ka ɗauki hoton zanensa ko bidiyonsa yana waƙa ka sa a TikTok ko Facebook sai da yardarsa, kuma yardar da ya bayar a lokacin da yake cikin natsuwa. Kada ka buɗe littafin rubutunsa ka karanta wa 'yan gida. In an sayar da hular, kuɗin a hannunsa za a sa, ko da kai ka sayi zaren. Kada kuma ka bari a saya da tsada don tausayi, yana ganewa, kuma yana yi masa ciwo.

Ka kuma sa ido, domin aikin nan yakan riga baki faɗar abin da ke tafe. In ka ga wanda yake ɗinkin rabin sa'a ya koma kwana yana rubutu ba barci, ko rubutun ya fara hawa kan juna yana cika gefen takarda, ko kuwa ya ajiye aikin kwatsam ya koma rufe ƙofa, kada ka jira ranar da aka rubuta muku a kati. Ku koma asibiti a makon nan, ka tambaye shi ko ya yarda a tafi da littafin a nuna wa likita.